Fuskar Tagulla da Masu Ba Ingila Dariya

Ranar 2 ga Yuni, 1953, aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta Biyu a majami'ar Westminster, mutane fiye da miliyan 20 kuma suka kalli bikin a talabijin, da yawansu a cunkushe cikin falon wani maƙwabci da Allah ya hore wa akwatin. Daga ranar talabijin ta daina zama kayan 'yan tsiraru a Birtaniya. A wannan shekarar ne masu shirya shirye-shirye da daraktocinsu suka kafa ƙungiyarsu mai suna Guild of Television Producers and Directors, domin sana'arsu ita ma ta sami mai tsaya mata. 'Yan fim sun riga su, suna da tasu tun 1947, wadda David Lean ya fara shugabanta, kuma kallon ƙanne suke yi wa 'yan talabijin. Shekara guda bayan kafuwarta, sabuwar ƙungiyar ta fara raba lambobin yabo.

A 1955 suka nemi wata mai sassaƙa 'yar Amurka da ke zaune a Manchester, Mitzi Cunliffe, ta ƙera musu abin da za a riƙa miƙa wa wanda ya yi nasara. Ta ƙera fuska irin wadda 'yan wasan dandali na zamanin da ke rufe fuskarsu da ita. Har yau ita ake bayarwa, ta tagulla, nauyinta ya kusa kilo huɗu, kuma ba a haɗa ta da ko sisi. A 1958 ƙungiyoyin biyu suka haɗe, a 1976 suka ɗauki sunan da duniya ta san su da shi, BAFTA, suka tare a gida mai lamba 195 a titin Piccadilly da ke Landan. Sai a 1998 aka raba bikin fim da na talabijin, kowanne da darensa.

A cikin lambobin talabijin akwai guda da aka ware tun ƙarshen shekarun 1950 domin mai nishaɗantarwa: ɗan barkwanci, mai kwaikwayon murya, mai raha da waƙa. Ita ce na fi son bin sawunta, domin jerin sunayen waɗanda suka karɓe ta ya nuna wanda Ingila ta yarda ya tsaya gabanta ya ba ta dariya, ya kuma nuna wanda aka daɗe ana yi wa dariyar kafin a miƙa masa makirufo.

Na farkon manyan da suka karɓa shi ne Tony Hancock. Shirinsa, Hancock's Half Hour, ya fara a rediyo a 1954, ya koma talabijin a 1956, Ray Galton da Alan Simpson ne ke rubuta masa. Kafin shi, abin da aka saba gani shi ne ɗan barkwancin da ya taso a gidajen rawa da waƙa, ya fito ya jero almara ɗaya bayan ɗaya, a tafa masa ya koma. Hancock bai jero almara ba. Ya fito ne a matsayin wani talaka mai ji da kansa, yana zaune a wani gida da ya ga jiya, yana ganin duniya ba ta san darajarsa ba, kullum burinsa ya fi ƙarfinsa. Mutane suka ga kawunsu da maƙwabcinsu, wasu ma suka ga kansu. Daga nan aka gane cewa ana iya gina dariya a kan hali, ba sai an faɗi abin dariya ba. Ƙarshensa kuwa abin tausayi ne. Ya rabu da abokin wasansa Sid James, ya rabu da marubutan da suka san muryarsa fiye da kowa, giya ta ci ƙarfinsa, ya tafi Ostareliya neman sabon farawa, a can birnin Sydney ya kashe kansa a 1968 yana da shekara 44. Duk wanda ke ganin ba mutane dariya aiki ne marar nauyi ya dubi rayuwar wannan bawan Allah.

Bayansa aka shiga zamanin Eric Morecambe da Ernie Wise, dogo mai tabarau da gajere mai son a ɗauke shi marubuci. Sun karɓi lambar sau da dama daga shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970. Daga 1969 Eddie Braben ya zama marubucinsu a BBC, shi ne ya mai da su abokai biyu da ke tsokanar juna cikin ƙauna, manyan mutane kuma suka riƙa layi don a kira su shirin a yi musu shaƙiyanci. A shirin Kirsimeti na 1971 sun gayyato André Previn, jagoran makaɗa da ake girmamawa a duniya, Eric ya zauna gaban fiyano ya dagula waƙar Grieg, ya kuma dage cewa shi ke da gaskiya. Shirinsu na Kirsimetin 1977 mutane fiye da miliyan 20 ne suka kalla a dare ɗaya. Tashoshi uku kacal ke akwai a lokacin, don haka abin da ya ba mutum dariya da daddare shi ne abin da zai tarar ana maimaitawa a wurin aiki da safe. Eric ya biya farashin wannan da zuciyarsa: ta buga a 1968, ta sake bugawa a 1979, a 1984 ya sauko daga dandali a garin Tewkesbury ya faɗi, bai tashi ba.

Wannan ne zamanin da Turawan Ingila ke tunawa da kewa, kuma ba na musun gwanintar mutanensa. Amma a daidai waɗannan shekarun, daga 1958 har 1978, BBC na nuna wani shiri mai suna The Black and White Minstrel Show, inda fararen mawaƙa ke shafa baƙin fenti a fuska, su zagaye baki da ido da fari, su yi rawa da waƙa a matsayin baƙaƙen kudancin Amurka. Miliyoyi ne ke kallo. A 1961 shirin ya lashe Furen Zinariya na Montreux a Suwizalan, babbar kyautar shirye-shiryen nishaɗi ta Turai, a shekarar farko da aka fara bayar da ita. A 1967 wata ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta kai takardar koke a daina, aka yi kunnen uwar shegu da ita, shirin ya ƙara shekara goma sha ɗaya. A ɗaya tashar, ITV, akwai Love Thy Neighbour, inda zagin launin fata ne gishirin wasan, da Mind Your Language, wanda mu ma a Najeriya aka nuna mana muka yi ta dariya, alhali kowane baƙo a ajin an mai da shi hoton abin da Bature ke zato game da ƙasarsa. Baƙar fata ɗaya ko biyu sun kutsa, irin su Charlie Williams, tsohon ɗan ƙwallon Doncaster Rovers, amma sai da ya mai da fatarsa abin tsokana kafin a saurare shi.

A tsakiyar wannan yanayi wani yaro ɗan shekara 16 daga garin Dudley, ɗan 'yan Jamaika, ya ci gasar New Faces a 1975 da kwaikwayon muryoyin manya. Sunansa Lenny Henry. Aikin da aka samo masa bayan nasarar shi ne bin ayarin masu shafa baƙin fentin nan yawon dandali, shi kaɗai ne baƙin gaskiya a cikinsu. Ya daɗe yana faɗin irin ciwon da hakan ya bar masa. A farkon shekarun 1980 ya fito a shirin Three of a Kind tare da Tracey Ullman da David Copperfield. A 1984 Ullman ta karɓi fuskar tagulla saboda shirin, ta kuma cancanta. Henry ya ci gaba da zama ɗaya daga cikin fitattun masu barkwancin ƙasar shekara da shekaru, sunansa bai shiga jerin masu wannan lambar ba.

Daga tsakiyar shekarun 1970 lambar ta karkata zuwa ga 'yan wasan kwaikwayo. Ronnie Barker ya karɓa, musamman saboda Porridge, inda ya fito a matsayin gogaggen fursuna da ya san kan gidan yari fiye da gandirobobi. John Cleese ya karɓa a 1980 saboda Fawlty Towers, wasan da kashi 12 ne kacal aka yi. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Nigel Hawthorne, da ya karɓa sau huɗu, a 1982 da 1983 da 1987 da 1988, saboda Yes Minister da ci gabansa Yes, Prime Minister. Ya fito a matsayin Sir Humphrey Appleby, babban sakataren ma'aikata wanda ke iya jero magana ta minti guda ba tare da ya ce e ko a'a ba, ministan da ya zo da zafin kawo gyara kuma ya wayi gari yana sa hannu a kan abin da ya rantse ba zai yi ba. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga ofis zuwa ofis a Kaduna ko Abuja ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan wasa, domin tsarin aikin gwamnatin da ake zolaya shi ne wanda aka bar mana gado. Margaret Thatcher, tana kan kujerar firayim minista, ba ta ɓoye cewa tana son wasan ba. Paul Eddington, wanda ya fito a matsayin ministan, kusan duk lokacin da aka sa sunansa a takara abokin wasansa ne ke kayar da shi, ga shi kuwa rabin daɗin wasan a fuskarsa yake, yadda tsoro da kwaɗayin kujera ke kokawa a idonsa ba tare da ya furta komai ba.

Akwai kuma batun Rowan Atkinson. Ya karanta injiniyancin lantarki a Newcastle da Oxford kafin ya faɗa harkar wasa. Ya karɓi lambar a 1981 saboda Not the Nine O'Clock News, ya sake karɓa a 1990 saboda Blackadder Goes Forth, wasan da ya ɗauki ramukan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi barkwanci a ciki har zuwa minti na ƙarshe, inda dariyar ta tsaya cak sojojin suka fita fagen mutuwa. Dukansu wasanni ne na magana, na habaici da kaifin harshe. Ranar 1 ga Janairu, 1990, ITV ta fara nuna Mr. Bean, mutumin da da ƙyar yake furta kalma. Kashi 15 aka yi, amma ya zagaye duniya, har yaron da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba a Zinder ko Gusau ya san shi da ƙaramar motarsa da 'yar tsanarsa. Montreux ta ba shi Furen Zinariya a shekarar farko. BAFTA ta sa sunan Atkinson a takara saboda shi fiye da sau ɗaya, ba ta ba shi ba. A ganina nan ne alƙalan suka nuna iyakar kunnensu: sun fi daraja dariyar da ke fitowa daga jimla mai kyau a kan wadda ke fitowa daga gira da kafaɗa, alhali ta biyun ba ta fi sauƙi ba, kuma ita ce ke tsallake iyaka ba tare da tafinta ba.

Zuwa farkon shekarun 1990 matsalar lambar ta fito fili. An tara mai kwaikwayon muryar 'yan siyasa, da ɗan wasan da ya haddace rubutu, da mai hira da baƙi, duk a rukuni ɗaya, tamkar a haɗa sanƙira da mawaƙi a gasa guda a ce a fitar da gwani. A 1995 aka raba: lambar wasan barkwanci daban, Joanna Lumley ta fara karɓa saboda Absolutely Fabulous, ta nishaɗantarwa kuma daban. Daga nan ta biyun ta koma hannun masu gabatar da shiri. Michael Parkinson ya karɓa a 1999. Graham Norton, ɗan ƙasar Ayalan, ya karɓa shekara uku a jere daga 2000, ya kuma ƙara uku daga baya. Jonathan Ross ya karɓa sau uku, haka ma Ant da Dec, 'yan Newcastle biyun da ba sa rabuwa. Sana'ar ta sauya: gwani yanzu shi ne wanda zai zauna da baƙi huɗu a kujera ɗaya ya sa su saki jiki, ya kama abin dariya yana tashi sama ba tare da an rubuta masa ba.

Mata kuwa sun sha jira. A shekara 15 na farkon lambar wasan barkwanci, mace biyu ce kawai ta karɓa, Lumley da Caroline Aherne mai The Royle Family. Ba don babu gwanaye ba. Victoria Wood, wadda ke rubuta wasanta da waƙoƙinta da kanta, ta riga ta karɓi tsohuwar lambar sau biyu a shekarun 1980. A 2010 aka raba lambar gida biyu, ta maza da ta mata, nan take sunaye suka fito kamar dā ma a bakin ƙofa suke: Rebecca Front, Jo Brand, Jennifer Saunders, Olivia Colman. Ita kuwa lambar nishaɗantarwa, da ba a raba ta maza da mata ba, tun bayan da Lumley ta karɓi tsohuwar a 1993 ba ta sake shiga hannun mace ba sai 2023, da Claudia Winkleman ta karɓa saboda The Traitors. Shekara 30 ke nan.

Yadda ake zaɓen yana da hannu a ciki. Mambobin ƙungiyar ne ke kaɗa ƙuri'a a fitar da 'yan takara, sannan wani ƙaramin kwamitin alƙalai na 'yan sana'a ya zauna ya kalla ya fitar da guda. Tsari ne mai kyau ta fuskar cewa masu aikin ne ke auna aikin. Illarsa ita ce mutum abin da ya saba da shi yake ganewa da wuri, kuma idan masu ba da kwangilar shiri da masu shiryawa da masu zaɓe duk daga unguwa ɗaya da makaranta ɗaya suka fito, dariyarsu ma iri ɗaya za ta zama. Ga misali, an yi Desmond's a Channel 4 daga 1989 zuwa 1994, wasan shagon aski na wani iyali 'yan Guyana a unguwar Peckham, da Norman Beaton a gaba da ɗan Ghana Gyearbuor Asante a matsayin ɗalibin da karatunsa ba ya ƙarewa. An yi The Real McCoy, an yi Goodness Gracious Me na 'yan asalin Indiya. Babu ɗan wasansu da ya ɗauki waɗannan lambobi. A 2005 kuwa Matt Lucas da David Walliams sun karɓa saboda Little Britain, wasan da a wasu sassansa aka dawo da shafa fenti a fuska, kusan shekara 30 bayan an ce an binne al'adar.

A watan Maris na 2014 BAFTA ta gayyaci Lenny Henry ya gabatar da laccarta ta shekara kan talabijin. Bai je ba da dariya ba. Ya kawo alƙaluma cewa tsakanin 2006 da 2012 yawan baƙaƙe da 'yan Asiya da sauran tsiraru da ke aiki a talabijin ɗin Birtaniya ya ragu da kusan kashi 31 cikin ɗari, ya nemi a ware kuɗi na musamman don shirye-shiryensu, kamar yadda aka ware wa yankunan da ke wajen Landan aka kuma ga amfaninsa. Shekara biyu bayan haka, a bikin 2016, aka ba shi lambar girmamawa ta musamman. A daren ne Michaela Coel, 'yar iyaye 'yan Ghana da ta tashi a gidajen gwamnati na gabashin Landan, ta karɓi lambar mata ta barkwanci saboda Chewing Gum, wasan da ita ta rubuta ta kuma fito a ciki. Muhimmancin nasararta a wurina shi ne alƙalamin a hannunta yake. Yarinyar da ke cikin wasan abar dariya ce ƙwarai, amma wadda ta san gidan daga ciki ce ta zaɓi inda za a yi dariyar. Daga baya, da Netflix ta yi mata tayin dala miliyan ɗaya kan wasanta na gaba ba tare da barin mata wani kaso na haƙƙin mallaka ba, ta ƙi, ta kai shi BBC da HBO, I May Destroy You kuma ya kawo mata lambar gwarzuwar 'yar wasa a 2021.

Shekarar 2020 ce ta girgiza gidan. A watan Janairu aka fitar da sunayen 'yan takarar fim, duk 'yan wasa 20 farare, aka yi ca a kan ƙungiyar. A watan Yuni, bayan kisan George Floyd a Amurka, BBC da Netflix suka sauke Little Britain daga rumbunsu. Leigh Francis, wanda ya karɓi lambar nishaɗantarwa a 2016, ya fito ya nemi gafara kan yadda ya riƙa kwaikwayon fitattun baƙaƙe da fuskar roba a wani tsohon shirinsa. Ant da Dec su ma suka nemi gafara kan shigar da suka taɓa yi. A ƙarshen Yuli, a bikin da annobar korona ta jinkirta aka kuma yi shi ba 'yan kallo, Mo Gilligan ya karɓi lambar nishaɗantarwa saboda The Lateish Show. Shi ne baƙar fata na farko a jerin da ya faro tun zamanin Hancock. Abin lura shi ne ba ta ƙofar da aka saba ya shigo ba: gajerun bidiyo ya riƙa sakawa a Instagram har jama'a suka san shi, sannan tashoshi suka biyo baya. A watan Satumba BAFTA ta sanar da sauye-sauye fiye da 120 a tsarin zaɓe da ɗaukar mambobi.

Wasu na cewa tsoron surutu ne ya sa aka fara ba irin su Gilligan. Ban yarda ba, domin wanda ya kalli shirye-shiryen ya san gwanintar tana nan tun kafin a waiwaye ta, jinkirin ne abin tambaya. A 2021 Romesh Ranganathan, tsohon malamin lissafi ɗan iyaye 'yan Siri Lanka, ya karɓa. A 2022 Big Zuu, wato Zuhair Hassan, Musulmi, mawaƙi kuma mai girki, wanda mahaifiyarsa ta baro Saliyo lokacin yaƙi, ya tafi gida da fuska biyu a dare ɗaya saboda shirin da yake dafa wa 'yan barkwanci abinci tare da abokansa na makaranta, a wata ƙaramar tasha mai suna Dave. A 2024 Gbemisola Ikumelo, 'yar asalin Najeriya, ta karɓi lambar mata saboda Black Ops, wasan da tana cikin waɗanda suka ƙirƙira, kan wasu ƙananan ma'aikatan taimaka wa 'yan sanda biyu da aka tura leƙen asirin gungun miyagu ba tare da sun san hawa ko sauka ba. A wannan daren, Mawaan Rizwan, haifaffen Pakistan, ya karɓi ta maza.

Sai dai sun iso ne a lokacin da falon da ake taruwa ya watse. Tashoshi sun yi yawa, matasa sun koma waya, shirin barkwancin da ya tara miliyan biyu a daren farko yanzu ana ce masa ya yi kasuwa, kuɗin shirya irin waɗannan wasanni kuma kullum kuka ake yi da ƙarancinsa. Har yanzu ana iya tara jama'a jefi-jefi: kashin ƙarshe na Gavin & Stacey, a daren Kirsimetin 2024, mutane fiye da miliyan 12 ne suka kalla a lokacin da ake nuna shi, wasu miliyoyi suka biyo a kwanakin baya, Ruth Jones kuma ta karɓi lambar mata saboda shi a 2025. Amma wasa ne da aka fara tun 2007, masu kallonsa tare da shi suka girma. Ko Ikumelo da Gilligan za su sami irin wannan taro ya dogara ne ga ko BBC da Channel 4 za su ci gaba da zuba kuɗi a wasansu shekara bayan shekara, kamar yadda aka yi wa Morecambe da Wise, waɗanda shirinsu na farko a talabijin a 1954 ya faɗi warwas, aka kuma sake ba su dama.